Lasisin Tuƙa Helikwafta Don Neman Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu tambaya a kan tuƙin jirgi mai saukar ungulu da tambayar kuɗi suke farawa. Za mu zo kanta, amma akwai abubuwan da suka riga ta, kuma akwai wanda ya fi ta nauyi, wato abin da ke jiran mutum bayan ya karɓi lasisin.

Wane lasisi ake nufi, kuma me ya raba shi da sauran?

Lasisin matuƙi hawa-hawa ne. Da takardar ɗalibi ake farawa, ita ce ke ba ka damar tashi kai kaɗai a ƙarƙashin kulawar malami. Daga nan sai PPL, lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake bayarwa daga shekara 17 da haihuwa. Mai PPL zai iya ɗaukar iyalinsa ko abokansa, amma ba shi da ikon karɓar ko sisi a matsayin ladan tuƙi. Wanda ke halasta maka albashi shi ne CPL, daga shekara 18, kuma a kansa wannan shafi yake magana. Can sama akwai ATPL, mai neman shekara 21 da haihuwa da awa 1,000 a helikwafta, wanda kyaftin na manyan jirage masu matuƙa biyu ke riƙewa.

Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa, kowace ƙasa kuma ta ɗora nata a kai. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisi, a Nijar kuma ANAC. Lasisin jirgi mai fukafukai daban, na helikwafta daban. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin yana jigilar alhazai ba shi da izinin ɗaga ƙaramar helikwafta ko da taku ɗaya daga ƙasa sai ya koma ya zama ɗalibi.

Me ya kamata in fara yi?

Ka je wurin likita. Kafin fom ɗin makaranta, kafin fasfo, kafin a sayar da gonar gado, ka nemi takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar ta amince da shi. Ba kowane likita ba ne, akwai jerin sunayensu a wurin NCAA. Za a duba ido da ji da bugun zuciya da hawan jini da fitsari da jini, a kuma yi maka tambayoyi kan tarihin lafiyarka.

Dalilin matsa wannan magana: ana iya yin PPL da takardar lafiya mai daraja ta biyu, wadda ta fi sauƙi. Sai mutum ya kashe miliyoyi, ya zo gab da CPL, sannan a gano ba ya bambance ja da kore yadda ake so. Kuɗin gwajin bai kai na awa biyu a sama ba, kuma shi ne zai gaya maka ko akwai hanya ko babu.

Ina sa tabarau. Hakan zai hana ni?

A'a. Abin da ake nema shi ne ganinka ya kai mizani, da tabarau ko babu. Za dai a rubuta a takardarka cewa dole ka sa shi yayin tuƙi, ka kuma ajiye na biyu kusa da hannunka.

Sikila fa? Da nauyin jiki?

Mai SS ba ya samun takarda ta ɗaya, domin ƙarancin iskar shaƙa a sama na iya tayar da ciwon. Mai AS kuwa a tuƙin farar hula ba a cika hana shi ba, likitan ne zai duba ya yanke hukunci. Farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya su ma suna rufe ƙofa. Ana kuma gwajin ƙwaya a makarantu da kamfanoni, saboda haka wanda ke taɓa tiramol ko kodin ko wiwi ya san matsayinsa tun yanzu.

Nauyi kuwa maganar jirgi ce. Robinson R22, wanda aka fi koyo da shi a duniya, kujerarsa ba ta ɗaukar fiye da kilo 109. Idan ka zarce haka sai R44, mai ɗaukar kilo 136 a kujera, wanda kuɗin awarsa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ƙiba a nan tana shiga aljihu kai tsaye.

Wane karatu ake bukata? Sai da digiri?

Doka ba ta nemi digiri ba. Makarantun Najeriya sukan nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Lissafin da za ka yi a aiki bai wuce na sakandare ba, sai dai za ka yi shi da ka, cikin ƙara da girgiza, wani yana yi maka magana ta rediyo.

Turanci ne ya fi kayar da mutanenmu. ICAO ta kasa ƙwarewar harshe mataki shida, kuma dole ka kai na huɗu. Ba rubutun insha'i ake gwadawa ba. Ana so ka ji mai kula da hasumiyar filin jirgi, wanda ke ba matuƙa umarni ta rediyo, yana magana da sauri da karin harshen da ba ka saba ba, ka maimaita masa umarninsa daidai, idan kuma wani abu ya lalace ka bayyana shi da bakinka ba tare da dogaro da jimlolin da ka haddace ba. Ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci shi ma bai tsira daga wannan ba.

Awa nawa ake bukata a sama?

Ya danganta da ƙasar. ICAO ta ce awa 150, ko 100 idan an yi su a cikin shirin da hukuma ta amince da shi daga farko har ƙarshe. A ciki dole a sami awa 35 da kai ne shugaban jirgi, da awa 10 na tafiya daga gari zuwa gari, da awa 10 na koyon tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, wato na'urorin da ke gaban matuƙi, ba tare da duban waje ba, da awa 5 na dare ga mai son tashi da dare. Amurka na neman 150. Afirka ta Kudu 200. A tsarin Turai 135 ne idan ka yi shi a dunƙule, 185 idan ka yi shi guntu-guntu.

Waɗannan mafi ƙaranci ne. Ɗalibin da ke tashi sau ɗaya a mako biyu saboda kuɗi na zuwa a tsittsinke, rabin kowane darasi yana tafiya wajen tuna na baya. Wanda ke tashi sau uku ko huɗu a mako yakan gama cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma a ƙarshe shi ya fi kashe kuɗi kaɗan.

Me ake koyo a cikin jirgin?

Gaɓoɓinka huɗu duk suna da aiki. Hannun dama na riƙe da sandar da ake kira saikilik, wadda ke karkata babbar farfela gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu na kan kolektif, wani ƙarfe mai kama da birkin hannu na mota: ka ja shi sama jirgi ya hau, ka sauke shi jirgi ya sauka. Ƙafafu kuma suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana gangar jirgin juyawa kamar katantanwa. Matsalar ita ce duk wanda ka taɓa sai ya shafi sauran. Ka ƙara kolektif, hancin jirgi ya nemi juyawa, ka danna feda, jirgi ya fara zamewa gefe, ka gyara da saikilik, tsayinka ya sauya. Haka abin yake zagayawa.

Shi ya sa abin da ya fi wahalar da sabon ɗalibi shi ne tsayar da jirgi cak a iska, kamar mita ɗaya daga ƙasa. A darasin farko malami zai kai ka tsakiyar fili mai faɗin filin Idi ya ce ka riƙe jirgin a cikinsa, kuma ba za ka iya ba. Kowa haka ya fara. Hannu ne ke yin motsi fiye da kima, ido kuma yana kallon ƙasa kusa da ƙafa maimakon ya duba nesa. Wajen awa ta goma sai wata rana abin ya zauna da kansa, kamar yadda keke ke zauna wa yaro, har ka kasa faɗin abin da ka sauya.

Bayan nan sai tashi da sauka iri-iri, sauka a kan gangare, shiga ƙuntataccen fili tsakanin bishiyoyi, bin taswira, magana da hasumiya, sai ranar da malami zai fita ya bar ka kai kaɗai. A ƙaramin jirgi kamar R22, fitar mutum ɗaya na sauya yadda yake tashi, za ka ji ya yi sakayau ya karkata. A matakin CPL darussan kusan su ne dai, illa an matse kuskuren da za a yafe maka, an kuma ƙara da iya yanke shawara: yaushe za ka juya, yaushe za ka ce wa mai kuɗi yau ba za a tashi ba.

Idan inji ya mutu a sama, ba faɗowa za a yi kamar dutse ba?

Wannan ce tambayar iyaye mata, kuma amsarta tana kwantar da hankali. Idan inji ya tsaya, akwai na'urar da ke raba shi da farfela nan take. Matuƙi ya sauke kolektif ƙasa, jirgi ya fara gangarowa, iskar da ke ratsa farfela daga ƙasa ta ci gaba da juya ta. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgi ya rage gudu, ya daidaita shi, ya yi amfani da ƙarfin da ya rage a farfelar ya dire. A nan ne sunan da Bahaushe ya raɗa wa jirgin ya fi dacewa da shi.

Sai dai lokaci ƙanƙane ne. A R22 daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kake da su ka sauke kolektif kafin farfela ta rasa gudun da ba za ta sake samu ba. Don haka ake maimaita atisayen har hannu ya riga tunani. Kowane jirgi kuma yana da jadawalin da ke nuna haɗin tsayi da gudun da sauka lafiya ke da wuya daga cikinsa, misali tsayuwa cak a tsayin bene mai hawa goma. Ana koya maka ka guji zama a wurin ba da dalili ba.

Akwai karatun aji?

Da yawa. Dokokin sama, sanin jirgi da injinsa, yadda iska ke ɗaga shi, lissafin nauyi da mai, ilimin yanayi, bin hanya, iyakar jiki da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da ƙa'idar rediyo. Makin cin jarrabawa kashi 70 ne a Amurka, 75 a Turai da Afirka ta Kudu. Wannan ɓangaren ne za ka iya farawa tun kana gida, domin hukumar FAA ta Amurka ta sa littafinta na koyon helikwafta a intanet kyauta.

To nawa ne kuɗin?

Da awa ake biya. A Amurka R22 da malami yakan kama dala 300 zuwa 400 a awa, R44 kuma ya haura 500. Ɗauki 350 ka ninka sau 150, ka ga 52,500, kuma ba a sa jarrabawa da littattafai da masauki da abinci da tikiti ba. Wanda zai haɗa da izinin tuƙi da agoguna da na koyarwa ya shirya wa dala 70,000 zuwa 100,000, ko fiye. Ka juya shi zuwa naira ko sefa da farashin ranar da kake karanta wannan.

Tsadar tana da dalili. Sassan helikwafta da yawa suna da wa'adi, idan awanninsu suka cika sai a cire su ko da sabbi suke a ido. R22 da R44 gaba ɗayansu ake kwancewa a yi musu garambawul duk awa 2,200 ko shekara 12. Ga inshora, ga mai. Makarantar da farashinta ya yi ƙasa da na kowa sosai, ka tambaye ta abin da ta rage. Araha ba ta ado, balle a sama.

A ina ake koyo?

A Najeriya akwai makarantar International Helicopter Flying School da ke Enugu, mai alaƙa da rundunar sojin sama, wadda ke amfani da Robinson R66 mai injin tabain. Kwalejin NCAT ta Zariya, da aka kafa a 1964, ita kowa ya sani a Arewa, amma sunanta a horon jirage masu fukafukai da injiniyoyi da masu kula da hasumiya ta yi shi. Makarantar EAMAC ta Yamai kuwa ma'aikatan hasumiya da na yanayi da na na'urori take yayewa, ba matuƙa ba. 'Yan Najeriya da yawa Afirka ta Kudu suke nufa, wasu Amurka, inda akwai bizar ɗalibi da binciken tsaro na hukumar TSA, kuma dokokin biza suna yawan sauyawa.

Kowace makaranta ce, ka tambayi jirage nawa ne ke tashi a yau, ba nawa ne a hoton talla ba. Malamai nawa, ɗalibai nawa, wata nawa 'yan ajin bara suka kwashe. Ka nemi tsohon ɗalibi da kanka, kada ka tsaya ga wanda makarantar ta haɗa ka da shi. Idan a waje ka yi, sai ka dawo NCAA ta tantance lasisin daga ƙasar da ta bayar, ka rubuta jarrabawar dokokin Najeriya, ka sake gwajin lafiya, kafin a juya maka shi. Wannan ma kuɗi ne da watanni.

Makaranta ta ce in biya duka a yi mini ragi. In biya?

Kada ka biya. A watan Fabrairun 2008 wata babbar makaranta a Amurka, Silver State Helicopters, ta rufe rassanta dare ɗaya, ɗalibai fiye da dubu biyu suka wayi gari da bashi a wuya, babu lasisi. Ka riƙa biyan kuɗin awa goma ko ashirin, in sun ƙare ka ƙara. Littafin da ake rubuta awanninka kuma ya kwana a hannunka, da sa hannun malami a kowane layi, domin shi kaɗai za ka iya ɗauka ka tafi da shi wata makaranta.

Babu hanyar da ba sai da kuɗin gida ba?

Akwai soja: ka shiga NDA a Kaduna, idan aka zaɓe ka tuƙi gwamnati ta ɗauki nauyi. Amma soja za ka zama da duk abin da hakan ke nufi, shekaru za ka yi kafin ka fita, kuma jirgin da za a ba ka ba kai za ka zaɓa ba. Akwai kuma kamfanoni. A shekarun baya Bristow, mai jigila da helikwafta, ta riƙa ɗaukar matasan Najeriya tana kai su makarantarta a Titusville ta jihar Florida, su dawo su yi mata aiki. Irin wannan gurbi shi ne mafi daraja, saboda aiki na jiranka, shi ya sa ake rububinsa. Idan ka ga talla, ka tabbatar daga kamfanin ta fito. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom ta asusun wani mutum, ɗan damfara ne.

Gwamnatocin jihohi ma sukan tura ɗalibai. Kano a zamanin Kwankwaso ta kai matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi mai fukafukai. Sun dawo da lasisi, da yawansu kuma suka daɗe suna jiran aiki, saboda abin da tambaya ta gaba ta ƙunsa.

Da na karɓi CPL zan sami aiki?

A nan gizo ke saƙa. Za ka fito da awa 150 zuwa 200, akasari a ƙaramin jirgi mai injin fistin. Jiragen da ke aiki a Najeriya kuwa, irin su AW139 da S-76 da Bell 412, manya ne masu inji biyu da matuƙa biyu. Kafin ka zauna ko a kujerar mataimaki, sai kana da izinin tuƙi cikin gajimare da agoguna kaɗai, da horon aiki tare da wani matuƙi, da izinin wannan samfurin jirgin takamaimai. Izinin samfuri ɗaya na iya cin dubban daloli masu yawa, kuma idan ka saye shi da kuɗinka ba ka sami aiki da wuri ba, zai tsufa a aljihunka. Kamfanonin mai da masu inshora su ma suna da nasu adadin awanni da suke gindayawa, sama da na hukuma.

A Amurka koyarwa ce gadar. Sabon matuƙi ya zama malami, ya tara awanni ɗalibai na biya, har ya kai wajen 1,000, sannan ya koma jigilar 'yan yawon buɗe ido ko makamancinta. Ko wannan ma yana da sharaɗi: koyarwa a R22 ko R44 sai da awa 200 a helikwafta, kuma dokar can ba ta barin ka ɗauki fasinjan haya a matsayin shugaban jirgi sai kana da awa 500. A Najeriya makarantun helikwafta ba su da yawan da za su ɗauki sababbin malamai, ƙananan ayyuka ma ƙalilan ne, don haka gadar siririya ce ƙwarai.

Shawarata, tun kafin awa ta farko, ka zauna da wanda zai biya ku rubuta amsar wannan: daga awa 200 zuwa aikin farko, ta ina? Idan kuɗin da ke ƙasa CPL kaɗai zai kai, babu ragowar izinin agoguna ko na koyarwa, gara a dakata a ƙara tarawa. Da yawa sun shiga da tunanin in an kai gaɓar kogi a san yadda za a yi, suka ƙare da lasisi a cikin akwati suna wata sana'ar.

Ina ayyukan suke?

Mafi yawa a harkar mai: kai ma'aikata rijiyoyin cikin teku daga Fatakwal da Warri da Eket da Legas. Mai wannan aiki sai ya yi atisayen kuɓuta a ruwa, inda ake ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgi, a nutsar da shi a tafki, a kife shi, ka ɓalle taga ka fito. Ɗan Arewan da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba ya fara koyon iyo tun yanzu. Akwai kuma jigilar manyan mutane, da sashen jirage na 'yan sanda, da jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tashi daga Maiduguri zuwa garuruwa irin su Dikwa da Monguno da Ngala, ko da yake waɗannan gogaggu suke nema.

Yanayinmu na Arewa yana da wata illa ga tuƙi?

Zafi na sirantar da iska, farfela ta rasa abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Jirgin da ya ɗauki mutum huɗu da asuba yana iya gazawa da azahar a Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Jos kuma tana da tsayin kusan mita 1,200, ga nata lissafin. Hazon hunturu yana shafe inda sama ta haɗu da ƙasa, idan kuma ido ya rasa wannan layi, jiki sai ya fara yi maka ƙarya game da inda jirgi ya karkata. Sauka a busasshen fili ma haka: farfela ta tayar da ƙura ta lulluɓe ka a daidai lokacin da ka fi bukatar ganin ƙasa. Wanda ya koyi tuƙi a kan korayen filayen Florida zai tarar da sabon karatu a nan.

Mace za ta iya?

Jirgin ba ƙarfi yake so ba, laushin hannu yake so. Abimbola Jayeola, wadda aka sani a matsayin mace ta farko da ta zama kyaftin ɗin helikwafta a Najeriya, ita ce ta saukar da S-76 a kan teku a Fabrairun 2016, mutum 11 da ke ciki duk suka tsira. Tolulope Arotile, wadda ta tashi a Kaduna, ta zama mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi a rundunar sojin saman Najeriya a 2019, kafin rasuwarta a shekarar da ta biyo baya.

Ana iya tashi da azumi a baki?

Helikwaftan koyo gidan gilashi ne a tsakiyar rana, kuma ƙishirwa na rage kaifin tunani tun kafin ka ankara. Ɗalibai sukan nemi darasin sassafe, ko su mayar da watan na karatun aji da jarrabawa. Ka faɗa wa malaminka gaskiyar halin da kake ciki. Hukuncin addini kuwa na malamai ne.

Lasisin yana ƙarewa?

Abubuwan da ke rataye da shi ne ke ƙarewa. Takardar lafiya ta ɗaya shekara guda take yi, takan koma wata shida ga wanda ya haura 40 yana ɗaukar fasinja shi kaɗai, da kuma duk wanda ya kai 60. Izinin agoguna da na samfurin jirgi sai an riƙa sabunta su da gwaji. Turanci mataki na huɗu ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Ba za ka ɗauki fasinja ba sai ka yi tashi da sauka uku a cikin kwana 90 da suka gabata. Mai aiki kamfaninsa ke biyan duk wannan. Mai jiran aiki kuwa daga aljihunsa zai riƙa fitarwa kowace shekara, don haka shi ma a sa shi cikin lissafi tun farko.